Inda ƙwallo ke wuce lissafi: filayen golf na tsaunukan Colorado

Malam Sabo: Assalamu alaikum, jama'a masu saurare, barkanmu da sake saduwa. Yau shirin namu zai leƙa jihar Colorado ta ƙasar Amurka, inda tsaunukan Rocky suka ratsa, domin mu duba filayen wasan golf da aka shimfiɗa a wuraren da numfashi kansa yake wahalar da baƙo. Tare da ni akwai Malama Hauwa kamar kullum. Malama, barka da zuwa.

Malama Hauwa: Barka kadai, Malam. Ina ganin kafin mu ambaci sunan kowane fili, ya kamata mu fara da iska, domin ita ce ta bambanta waɗannan filaye da na ko'ina. Birnin Denver yana kan tudu mai tsayin mita 1,609 daga doron teku, wato mil ɗaya cif, kuma a wannan tsayi iska ba ta da kauri kamar ta bakin teku. Idan aka buga ƙwallo, abin da ke tare ta a sama ya ragu, saboda haka takan ƙara nisa da wajen kashi 6 cikin 100. Wanda ya saba aika ƙwallo yadi 250, a Denver zai ga ta kai wajen 265 ba tare da ya ƙara ƙarfi ba.

Malam Sabo: Mai saurare zai ce ai wannan garaɓasa ce, wasa ya zo da sauƙi.

Malama Hauwa: Haka ake zato, amma lamarin ba haka yake ba. Iskar da ke tare ƙwallo ita ce kuma take ɗaga ta. Ƙwallon golf tana tafiya ne tana juyawa da baya, kuma wannan juyin, tare da 'yan ramukan da ke jikinta, shi ne yake sa ta hau sama sannan ta sauko a tsaye ta tsaya kusa da inda ta faɗi. Idan iska ta rage kauri, ƙwallon ba ta hawa sosai, sai ta sauko a karkace ta yi ta gangarawa, ta wuce lallausar ciyawar da ke kewaye da rami. Ga shi kuma ƙarin nisan ba ɗaya ba ne ga kowace sanda: bugun da ya tashi sama sosai ya fi samun ƙari a kan wanda ya bi ƙasa-ƙasa. Shi ya sa za ka ga ɗan wasa da mai ɗaukar masa jaka sun duƙufa a kan ɗan littafinsu suna ta lissafi kafin a zaro sanda.

Malam Sabo: To, mu shiga filayen. Ni dai idan aka ce Colorado, Cherry Hills nake fara tunawa, wanda aka kafa a 1922 a gefen Denver, William Flynn ne kuma ya tsara shi. A nan aka yi gasar US Open ta 1960, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf na duniya, wadda har yau masana wasan ba su gaji da labarinta ba. A wancan zamani zagaye biyu na ƙarshe a rana ɗaya ake yin su, kuma Arnold Palmer ya shiga zagayen ƙarshe yana bayan Mike Souchak da bugu 7, domin a golf wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne a gaba. Ramin farko na filin yadi 346 ne, ana bugawa daga kan tudu zuwa gangare. A zagaye uku na farko Palmer ya yi ta ƙoƙarin kai ƙwallo bakin ramin da bugu ɗaya bai samu ba, amma a na huɗu ta isa. Daga nan ya gama ramuka 6 cikin 7 na farko da bugu ɗaya ƙasa da adadin da aka ƙayyade wa kowanne, ya gama zagayen da bugu 65, ya ɗauki kofin da jimillar 280.

Malama Hauwa: Kada ka manta da waɗanda ya bari a baya. Wanda ya zo na biyu da bugu 282 wani matashi ne ɗan shekara 20 da bai ma fara wasa don kuɗi ba, Jack Nicklaus. Abokin zagayensa a ranar kuwa shi ne Ben Hogan, mai shekara 47, wanda yake cikin masu neman kofin har rami na 17, inda ƙwallonsa ta faɗa ruwan da ke gaban ramin. Sai dai ina da ja a kan zaɓinka, Malam. Cherry Hills ba a cikin tsauni yake ba, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake, duwatsun daga nesa ake hango su.

Malam Sabo: Na yarda, amma iskar dai ta tudu ce.

Malama Hauwa: Ta tudu ce, sai dai idan ana son a ga yadda dutse da kansa yake shiga cikin wasa, to a tafi Broadmoor a Colorado Springs, a gindin tsaunin Cheyenne, a tsayin da ya kusa mita 1,900. Donald Ross ne ya tsara filin farko a 1918, lokacin da attajirin ma'adinai Spencer Penrose ya buɗe otal ɗinsa. Abin da ya fi ba baƙi wahala a wurin shi ne bugun ƙarshe na tura ƙwallo cikin rami. Ƙasar gaba ɗaya ta karkata ne daga dutsen zuwa kwari, amma girman dutsen yana ruɗar ido, har mutum ya rantse cewa wurin a miƙe yake, ko ma ya ga kamar hawa ne alhali gangara ce. Ƙa'idar da 'yan wurin suke bai wa baƙo ita ce ya fara neman inda hasumiyar tunawa da ɗan barkwancin Amurka Will Rogers take a jikin dutsen, ya san cewa ƙwallo guje mata take yi. A wannan fili Nicklaus ya ci gasar US Amateur, ta waɗanda ba don kuɗi suke wasa ba, a 1959, a nan kuma Annika Sörenstam ta ƙasar Suwidin ta ci US Open ta mata a 1995.

Malam Sabo: A nan ne kuma, a gasar dattawa ta 2008, wani baƙin beyar ya sauko daga daji ya ratsa fili ana tsakiyar wasa, 'yan kallo suna darewa.

Malama Hauwa: Shi ma ya zo kallo ne, bai dai sayi tikiti ba.

Malam Sabo: Tsakanin Denver da Colorado Springs akwai Castle Pines, wanda Nicklaus ya tsara, aka buɗe a 1981. Daga 1986 zuwa 2006 ya karɓi gasar The International, wadda ake ƙirga maki a cikinta maimakon yawan bugu. Da manyan 'yan wasa suka koma can a 2024 domin gasar BMW, wadda Keegan Bradley ya ci, an miƙa filin har yadi 8,130, tsawon da ba a taɓa gani ba a gasannin PGA Tour, wato babban jerin gasannin ƙwararrun 'yan golf maza na Amurka. Adadin yana da ban tsoro a takarda, amma idan aka cire abin da iska take bayarwa, bai fi wajen yadi 7,500 na bakin teku ba. Wahalar gaske tana ga ƙafafu da huhu, domin hawa da sauka ne tsakanin itatuwa har kwana huɗu.

Malama Hauwa: Duk waɗannan da muka ambata wurare ne na masu hali, biyu ƙungiyoyi ne da sai mamba ko baƙonsa, ɗaya kuma na otal mai tsada. Ni filin da ya fi burge ni ƙarami ne, mai ramuka 9 kacal, wato Mount Massive da ke kusa da Leadville, a tsayin wajen mita 2,950. Leadville tsohon garin haƙar azurfa ne, kuma filin a buɗe yake ga duk wanda ya biya kuɗin shiga. A can ƙarin nisan ƙwallo ya haura kashi 10 cikin 100. Ba nisa da shi akwai Copper Creek, mai ramuka 18, wanda Pete Dye da ɗansa Perry suka tsara a gindin gangaren da ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a lokacin sanyi.

Malam Sabo: Wannan ya kawo mu ga masu kula da ciyawa, waɗanda a ganina su ne gwanayen da ba a ambata.

Malama Hauwa: Ƙwarai kuwa. A irin wannan tsayi lokacin wasa bai wuce wata huɗu zuwa biyar ba, sauran shekara ciyawa tana kwance a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, inda wata irin funfuna take cin ta idan ba a yi feshin magani kafin sanyi ya shigo ba. Ko a tsakiyar lokacin zafi akan wayi gari raɓa ta daskare, dole a dakatar da 'yan wasa sai rana ta narkar da ita, domin taka daskararriyar ciyawa yana kashe ta. Da rana ta take kuma hadari yakan taso da tsawa, mutum kuwa yana tsaye a fili da sandar ƙarfe a hannu, don haka masu hankali da sassafe suke fita.

Malam Sabo: Kafin mu rufe, akwai tambayar da na san masu saurarenmu na Filato za su yi. Jos tana kan tsayin wajen mita 1,200, kuma tana da filin Rayfield tun zamanin Turawan haƙar kuza. Shin wannan lissafi ya shafe su?

Malama Hauwa: Ya shafe su, ko da yake bai kai na Denver ba. Ɗan wasan da ya taso daga Legas zai ga ƙwallonsa ta ƙara kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a Jos, wanda a bugun yadi 150 ya kai wajen yadi 7, kuma hakan ya isa ya sa ƙwallo ta tsallake rami ta faɗa bayansa. Wanda ya saba da Jos kuma ya sauka Legas, sai ya riƙa ɗaukar sandar da ta fi wadda ya saba nisa, in ba haka ba ƙwallonsa za ta yi ta faɗuwa kafin ta isa.

Malam Sabo: To, 'yan wasan Jos sun ji. Malama, mun gode. Jama'a, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.