Kwafe memori kaɗai bai isa ba kafin a yi wa 3DS gyara

Tambayar nan ta yi yawa kwanan nan: "Na kwafe memorina kaf a kwamfuta, na mayar da shi, amma gem ɗina sun ɓace." To, ku matso. Maganar 3DS ake yi, na'urar gem ta hannu ta kamfanin Nintendo, gyaran kuma shi ne sa mata manhajojin da ba na Nintendo ba. Laifin ba na memorin ba ne, wato katin SD ɗin na'urar.

Bari mu wuce ɓangaren da kowa ya iya. Kashe na'urar gaba ɗaya, ban da rufe murfi kawai. Cire katin. In New 3DS ce sai ka kwance bayanta da sukundireba, don ƙaramin katin microSD yana ciki. Sa shi a kwamfuta, kwafe komai. Kwafi fa na ce, kada hannu ya kai ga yankewa. In sabon kati za ka sa, a yi masa fomatin FAT32, tsarin ajiyar fayil ɗin da 3DS take karantawa. Shi ke nan.

Yanzu ku buɗe katin a kwamfuta. Cikin foldar "Nintendo 3DS" akwai wata folda mai suna kamar kaza ta taka madannai, haruffa da lambobi 32. Wannan sunan ba haka kawai ya faɗo ba. Daga wani makulli aka samo shi, wani ɗan fayil da ake kira movable.sed, kuma ba ya cikin memori. Yana can cikin ma'ajiyar cikin na'urar, wadda ake kira NAND. Duk gem ɗin da ka sauke, da inda ka tsaya a cikinsu, da wannan makullin aka kulle su.

Ke nan abin da ka kwafa akwati ne a kulle, makullin kuma ka bar shi a aljihun na'urar. Shi ya sa in ka sa katinka a 3DS ɗin abokinka, ba abin da zai fito. Abin da ya fi cin mutane kuma shi ne wannan: gyara ya ɗan cije, mutum ya firgita, ya shiga saiti ya yi wa na'urar fomatin. Fomatin yana sauya makullin. Na'urarka ce, katinka ne, amma ta ƙirƙiri sabuwar folda, ta kalli tsohuwar kamar ba ta taɓa saninta ba.

Maganin: da zarar ka gama sa manhajojin gyaran, wato boot9strap da Luma3DS, tare da GodMode9, manhajar da ke shiga ma'ajiyar cikin na'urar, riƙe maɓallin Start ka kunna, GodMode9 zai buɗe. Ɗauki kwafin NAND. Ka tabbata batir yana da caji kuma akwai fili a katin, don fayil ɗin yana kusan gigabait 1, na New 3DS ya ɗara haka. Zai ɗan jima. Je ka sha ruwa.

Ga inda nake jin haushi. Kwafin nan a cikin memorin yake sauka, a foldar gm9. Mutane sai su bar shi a nan su ce sun yi ajiya. Ranar da katin ya mutu, da akwatin da makullin duk sun tafi tare. Fitar da shi zuwa kwamfuta, tare da ɗan fayil ɗin essential.exefs, wanda kwafin makullin ke ciki. Ni wuri biyu nake ajiyewa, kwamfuta da filashi, kuma ban ga wanda zai hana ni ba. Tun Maris 2023 Nintendo ta daina sayar da gem a eShop, kasuwarta ta intanet, na 3DS, don haka ba kasuwar da za ka koma ka saya.

Gem na kaset, yawancinsu a cikin kaset ɗin suke ajiye inda ka tsaya, ba ruwansu da wannan rigimar. Na saukewa kuwa, sa manhajar Checkpoint ka fitar da ajiyarsu a buɗe, ita ma ka tura kwamfuta. Sannan a mayar da kati, in New 3DS ce a ɗaure sukurorin bayanta biyu.