Sharhi: Su Wa Ke Zaɓen Alƙalan Wasa a Gasar Firimiyar Ingila?

Masu sauraro, duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ranar Asabar ya san yadda baƙaƙen fata suka cika filayen gasar Firimiya ta Ingila, har wani bincike da aka fitar a 2022 ya nuna cewa su ne kashi 43 cikin ɗari na 'yan wasan gasar. Amma da zarar an duba mai riƙe da usur, sai lissafi ya sha bamban.

Uriah Rennie, wanda aka haifa a Jamaika ya tashi a birnin Sheffield, shi ne baƙar fata na farko da ya yi alƙalanci a gasar, a watan Agustan 1997, a karawar Derby County da Wimbledon wadda ba a ma kammala ba saboda fitilun filin sun ɗauke. Ya busa wasanni 175 a gasar zuwa 2008. Daga nan kuwa shiru kake ji, har sai ranar 26 ga Disambar 2023 da aka bai wa Sam Allison, tsohon ma'aikacin kashe gobara, wasan Sheffield United da Luton. Shekara 15 ke nan, kuma babu mai hankalin da zai yarda cewa a tsawon wannan lokaci ba a samu baƙar fata ko ɗaya da ya cancanta ba.

A ganinmu, tushen matsalar yana wurin masu naɗi. Hukumar kula da ƙwararrun alƙalan wasa ta Ingila, wato PGMOL, da tsohon alƙalin wasa Howard Webb ke jagoranta, ita ce ke rarraba alƙalai a manyan wasanni, sai dai kafin mutum ya kai gabanta dole ya hau matakai masu yawa tun daga wasannin unguwa, inda a kowane mataki akwai mai sa ido da ke zaune a gefen fili da biro da takarda yana ba shi maki. Waɗannan maki su ne ke ɗaga alƙali ko su danne shi. Idan kusan duk masu ba da makin masu launin fata iri ɗaya ne, ko ba su da mugun nufi, sabo zai sa su fi ganin cancanta a wurin wanda ya yi kama da su. Ga kuma zagin wariyar launin fata da matashin alƙali ke sha daga 'yan kallo, wanda ke sa wasu ajiye usur tun ba a je ko'ina ba.

A 2023 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta yi alƙawarin ɗaukar sababbin alƙalai 1,000 daga al'ummomin da aka bari a baya cikin shekara uku, kuma a Maris ɗin 2024 Sunny Singh Gill ya zama ɗan Birtaniya mai tushen Kudancin Asiya na farko da ya busa wasa a gasar. Wannan abin yabawa ne, amma ɗauka daban, ƙarin girma daban. Ya kamata hukumar ta riƙa bayyana a kowace shekara su wane ne masu ba da maki, da nawa ne daga cikin sababbin alƙalan nan suka wuce matakin farko.