Ruwa ne ke fita, ruwa za a mayar

Assalamu alaikum, masu sauraro. Makon jiya a Anguwan Rogo na ji wata uwa tana faɗa wa maƙwabciyarta cewa tun safe ta hana ɗanta mai zawo shan ruwa, wai don zawon ya tsaya, ta kuma aika kemis a sayo Flagyl. Wallahi har yanzu maganar nan na cin raina.

Ga abin da kwalara, cutar amai da gudawa, ke yi wa jiki. Ƙwayar cutar kan shiga ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta manne a ƙaramin hanji, ta saki dafi. Dafin ne ke sa hanji ya yi ta kwararo ruwa da gishirin jiki waje, shi ya sa zawon ke fita fari kamar ruwan wankin shinkafa. Babban mutum kan iya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya. Sai ido ya zurma, harshe ya bushe, fitsari ya ɗauke, a tsunkuli fata ta ƙi komawa, ƙoda ta gaza. Mutum ya je sallar asuba da ƙafarsa, kafin isha'i an kai shi makwanci. Ƙarewar ruwan jiki ce ta kashe shi.

To ta yaya za a ce a hana mai wannan hali ruwa? Masu cewa shan ruwa na ƙara zawo, haba jama'a! Ko an ba shi ko an hana shi, hanjin zai ci gaba da zuba. Flagyl kuwa ba ya kashe ƙwayar kwalara.

A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙirga sama da mutum 3,600 da annobar nan ta kashe a Najeriya, alhali in an mayar da ruwa da wuri, ko mutum ɗaya cikin ɗari ba ya mutuwa.

A mayar da ruwa! A dama ORS, wato garin gishiri da sukari na ƙunshi, in babu shi a samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mai ciwon kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Mai shayarwa kada ta janye nono. In amai ya hana ruwan zama, ko yaro ya yi laushi, a kama hanyar asibiti a yi masa ƙarin ruwa, ana tafe ana ɗura masa da cokali.