8 ÷ 2(2+2): 16 ne ko 1? Ga inda rigimar take

Assalamu alaikum jama'a. Ku kalli abin da ke kan allon nan: 8 ÷ 2(2+2). Kwana uku ke nan yana yawo a zaurukan WhatsApp na Zariya. Jiya da daddare, a teburin mai shayi a Samaru, wani ɗalibin injiniya na ABU da wani malamin firamare saura kaɗan su ba hammata iska a kansa. Malam ya ce 16, ɗalibi ya ce 1. Malam ya zaro waya, ɗalibi ya zaro kalkuletarsa ta jarrabawa, kuma abin dariya, kowace na'ura ta goyi bayan mai ita. Shayi ya huce, ba a rabu ba.

Tsohuwar rigima ce. A 2019 wannan lissafin ya tayar da ƙura a Twitter, har Farfesa Steven Strogatz na Jami'ar Cornell ya yi rubutu a kansa a jaridar New York Times. Tun 2011 ma an yi irin wannan musun a kan 48 ÷ 2(9+3).

To, mu fara. Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya rera BODMAS, wato jerin da ake bi wajen lissafi (B baka, O "of", D rabawa, M ninkawa, A tarawa, S ɗebewa), wasunmu da bulala a kusa. Abin da ke cikin baka, wato ( ), shi ake fara yi. 2 a tara da 2, 4. Nan babu gardama, mu wuce.

Yanzu ga abin da ya rage: 8 ÷ 2(4). 

Kun ga bakan nan da ke kewaye da 4? Mutane da yawa suna cewa, ai har yanzu akwai baka, dole a kawar da shi tukuna, sai su ninka 2 da 4 su sami 8, su raba 8 da 8, ga 1. Amma ƙa'idar baka cewa ta yi a gama abin da ke CIKI. Mun gama. Babu sauran aiki a ciki, 4 ce zaune ita kaɗai. Wannan 2 ɗin a waje take. Abin da ke tsakaninta da 4 ninkawa ce, kawai dai ba a rubuta alamar ba. Idan muka saka alamar, sai ya koma 8 ÷ 2 × 4.

Rabawa da ninkawa kuwa matsayinsu ɗaya, babu wa babu ƙane. Wadda ka fara tararwa daga hagu ita za ka yi. 8 a raba 2, 4. Sau 4, 16. Haka Google zai ba ku, haka wayar Malam ta ba shi.

Wani zai ce ai D ta riga M a BODMAS. Haka ne a rubuce, amma a Amurka PEMDAS suke rerawa, M ta riga D, kuma lissafinmu da nasu ɗaya ne. Ku gwada 10 − 3 + 2. In kuka bi haruffa sau da ƙafa kuka fara tarawa, za ku sami 5. Duk mai sayar da tumatir a kasuwar Sabon Gari ya san 9 ce.

Shi ke nan ɗalibinmu ya sha ƙasa? Ku dakata, ba jahilci ne ya kai shi 1 ba.

Ku duba wannan: 1/2x. A lissafin aljabara, idan lamba ta manne da harafi babu alama a tsakani, ido yana ɗaukar su dunƙule ɗaya. Mafi yawan masu ilimin fizis da injiniyoyi za su karanta shi 1 bisa 2x, kuma ƙa'idar rubutu ta mujallun fizis na Physical Review a kan haka take, ninkawa kafin rabawa. Wanda ya shekara huɗu yana ganin 2x abu guda, in ya ga 2(4) hannunsa da kansa zai haɗe su. Ga kuma O ɗin BODMAS da aka koya mana da "of", wadda ke zuwa kafin rabawa, wasu da ita suke kallon wannan mannewar.

Su kansu masu ƙera kalkuleta ba su daidaita ba. Kamfanin Texas Instruments, a samfurin TI-82 manne yake fara yi, daga TI-83 ya koma bin hagu zuwa dama. Wasu samfuran Casio 1 za su ba ka. Saboda haka kada wanda ya ƙara ɗago mini kalkuleta a matsayin shaida.

Ga misali. Mai keke napep da direbansa suna raba dubu 8 biyu kullum. Kwana huɗu, direba ya tara nawa? Dubu 16. Wannan shi ne (8 ÷ 2) × 4. Ga wani kuma: Hajiya ta sayo ƙosai 8 a Tudun Wada, gida biyu za a kai, kowane gida yara huɗu. Kowa ɗai-ɗai. Wannan shi ne 8 ÷ (2 × 4). Labari biyu daban, amma wanda ya rubuta tambayar ya ƙi gaya mana wanne yake nufi, ya zauna yana ƙirga masu sharhi.

Ni dai, in aka ritsa ni a jarrabawa, 16 zan rubuta, don ita ce ƙa'idar da ake koyarwa a aji. Amma da ɗalibina ne ya kawo mini wannan rubutun, mayar masa zan yi ya ƙara baka, ko ya ja layi ya sa wani a sama wani a ƙasa. Ita alamar ÷ ɗin nan, tun 1659 Johann Rahn na ƙasar Suwizalan ya shigo da ita rabawa, kuma da wuya ku gan ta a littafin lissafi na jami'a.

Malam da ɗalibin? Mun koma da safe. Mai shayi ya ce shi lissafinsa bai rikice ba: kofi biyu, burodi ɗaya, kuma har yanzu ba a biya ba.