'Yan Matan Ashana a Kan Dandamali

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan uwa ɗalibai, na gode da kuka daure kuka zauna a wannan zafi. Kun ga abin da ke hannuna? Kwalin ashana ne, a bakin ƙofa na saye shi. A kansa za mu yi maganarmu ta yau, da wasan kwaikwayo na waƙa da aka gina a kan matan da suke yin sa.

Wasan sunansa The Matchgirls, wato 'yan matan ashana. Bill Owen ne ya rubuta labarin da baitocin, Tony Russell ya sa musu kiɗa, aka nuna shi a gidan wasa na Globe da ke Landan a 1966. Irin wasan nan ne da ɗan wasa zai yi magana, in maganar ta kai masa iya wuya sai ya ɓarke da waƙa. Labarin kuwa ya faru da gaske, a unguwar Bow ta gabashin Landan, a kamfanin ashana na Bryant and May, a 1888.

Bari mu shiga kamfanin tukuna. Yawancin ma'aikatan mata ne, da yawansu ba su kai shekara 20 ba, da yawa kuma 'ya'yan baƙin Ailan ne da talauci ya koro. Da bazara ƙarfe shida da rabi na safe ake kama aiki, a tashi shida na yamma, kuma a tsaye ake yin sa. Akwai yarinya 'yar shekara 16 da sule 4 take samu a mako. Dattawan da ke nan ba sa bukatar fassara, domin da irin kuɗin nan aka yi ciniki a kasuwar Kurmi: kwabo 12 ne sule ɗaya, kwabo 3 shi ne taro. To daga wannan sule huɗun ake yankar tara. An ga ƙafarki da datti, taro. An ga teburinki a hargitse, taro. Kin makara, a rufe miki ƙofa, rabin yini ya tafi. Masu ɗaukar akwatuna a ka kuwa, gashin tsakiyar kansu yakan zube tun suna 'yan shekara 15. Duk wadda ta taɓa tallar kaya mai nauyi ba gammo ta san abin da ake nufi. A lokacin nan masu hannun jari ribar sama da kashi 20 cikin 100 suke kwasa.

Amma tara ba ita ce babbar masifar ba. Kan ashanar wancan zamani da farin fosfaras ake yin sa, sinadarin da ke sa tsinke ya kama wuta a duk inda aka ƙyasta shi. Guba ne. Matan nan a wurin aikin suke cin abincinsu, burodi a hannun da ya wuni yana taɓa shi. Abin yakan fara kamar ciwon haƙori. Sai dasashi ya kumbura, ya fara zubar da mugunya mai wari, sannan ƙashin muƙamuƙi ya shiga ruɓewa. In ya yi nisa sai likita ya cire muƙamuƙin, in ba haka ba mutuwa. Ku dubi wannan da kyau: yarinya ce budurwa, fuskarta ce ke lalacewa, kuma tana ɓoyewa don kada a sallame ta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne akwai jan fosfaras, wanda ba ya yin wannan ɓarna. Tsada kawai ya fi.

Yanzu wani zai ce, ta yaya za a ɗora wannan a kan kiɗa da rawa? Ni ma na daɗe ina juya tambayar. Sai na tuna kakata in tana niƙa a kan dutse. Ba ta taɓa yin sa shiru ba. A waƙar niƙa take faɗin abin da ba za ta iya faɗa wa kishiya ko miji a fili ba, kuma duk gidan yana ji, ba mai cewa uffan. Mai aikin wahala yana waƙa a ko'ina yake. Don haka da wasan ya jera matan a bakin tebur suna rera waƙa a kan gubar da ke cin su, bai ƙirƙiro musu baƙuwar ɗabi'a ba. Rahoton likita zai ba ka adadin marasa lafiya. Muryoyi ashirin da suka tashi tare su ne ke nuna maka yadda mutanen da kowace ke tsoron heluma ita kaɗai suke zama abin tsoro in sun haɗu. A nan wasan ya yi daidai, kuma ina yaba masa.

Inda nake da ja da shi shi ne wa ya ba jan ragama. A wasan akwai wata yarinya, Kate, wadda marubucin ya ƙirƙira, da saurayinta mai dako a tashar jiragen ruwa. Sai ga Annie Besant, 'yar boko, marubuciya, mai faɗa a ji, wadda ake nema ta zo ta taimaka. Ita Besant mutum ce ta gaske, kuma ta yi aiki. Ranar 23 ga Yuni 1888 ta buga maƙala a jaridarta The Link, ta kira abin da ake yi a Bow bautar da fararen fata a Landan. Amma abin da ita da abokanta suka nema shi ne jama'a su daina sayen ashanar kamfanin. Ba ta kira yajin aiki ba.

Ga yadda aka yi. Kamfani ya kawo takarda, ya ce matan su sa hannu cewa ƙarya aka yi masa, suna jin daɗin aikinsu. Suka ƙi. Aka kori ɗaya don a tsorata sauran. A farkon Yuli sai suka ajiye aiki suka fito, har suka kai kusan 1,400, ba ƙungiya, ba asusu, ba abin da za a ci gobe. Bayan sun fito ne suka yi tattaki zuwa ofishin Besant, ita ma ta sha mamakin ganinsu. Daga nan ta taimaka wajen tara kuɗi da kafa kwamiti, wasunsu har majalisa suka je suka gana da 'yan majalisa. Cikin kusan mako biyu kamfani ya sauko: an soke tara, an mayar da wadda aka kora, an ware ɗakin cin abinci nesa da guba. Kafin watan ya ƙare sun kafa ƙungiyarsu ta ƙwadago. Masaniyar tarihi Louise Raw ta bi takardun zamanin, ta nuna a 2009 cewa matan ne da kansu suka kunna wannan wuta. Shekara guda bayan nan, a 1889, 'yan dakon tashar jiragen ruwan Landan, waɗanda da yawansu maƙwabtan matan nan ne da 'yan uwansu, suka yi nasu babban yajin.

Kuma wasa dole ya rufe labule da tafi, alhali gubar ba ta tafi ranar ba. A 1891 ƙungiyar agaji ta Kirista mai suna Salvation Army ta buɗe nata kamfanin ashana da jan fosfaras don ta nuna ana iyawa. A 1898 aka kama Bryant and May yana ɓoye masu ciwon muƙamuƙi, aka ci shi tara. Sai a 1908 majalisar Birtaniya ta yi dokar hana farin fosfaras, ta fara aiki a 1910. Shekara 22 ke nan bayan yajin, ana ci gaba da cire wa mata haƙora.

Na ce muku Kate ƙirƙira ce. Ga sunan wadda ta rayu da gaske: Sarah Chapman. Tana cikin kwamitin yajin, 'yan uwanta suka zaɓe ta ta wakilce su a taron ƙungiyoyin ƙwadago a wannan shekarar. Ta rasu a 1945, aka binne ta a maƙabartar Manor Park, a kabarin talakawa da ba a rubuta suna a kai ba. Sai bayan shekaru masu yawa danginta suka gano wurin. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.