Dala miliyan 700 a takarda, miliyan 2 a hannu: yadda albashin Ohtani yake

[Hoto: Ohtani yana sanya rigar Dodgers mai lamba 17 a gaban 'yan jarida]

A watan Disamban 2023 ƙungiyar besbol ta Los Angeles Dodgers ta ɗauki ɗan wasan Japan, Shohei Ohtani, a kan dala miliyan 700 na shekara goma. Tun daga lokacin ake ta yaɗa lissafi iri biyu. Wasu na cewa miliyan 70 yake kwasa duk shekara, wasu na cewa an yaudare shi, miliyan 2 kacal yake gani. Mu bi lissafin a hankali, 'yan uwa, don akwai mataki ɗaya da kusan kowa ke tsallakewa.

[Bidiyo: Ohtani yana jifa, sannan yana bugu]

A besbol, mai jefa ƙwallo daban, mai bugunta da sanda daban. Ohtani yana yin duka biyun, kuma a kowanne yana sahun gaba. Ku kalli wannan bugun. Shi ya sa ya yi tsada.

[Allo: 2024 zuwa 2033, sannan 2034 zuwa 2043]

Ga abin da yarjejeniyar ta ce. Daga 2024 zuwa 2033, shekarun da zai yi wasa, miliyan 2 za a riƙa ba shi duk shekara. Sauran miliyan 68 na kowace shekara an jinkirta su, za a biya daga 2034 zuwa 2043, kuma babu kuɗin ruwa ko sisi a kai. Miliyan 680 ke nan da sai ya jira.

To nan ne gizo ke saƙar. Kuɗin da za a ba ka bayan shekara goma ba su kai kuɗin da ke hannunka yau daraja ba. Duk wanda ya ba da rancen kuɗin buhun masara shekara goma da suka wuce, aka dawo masa da su yau yadda ya ba da su, ya san ba za su sayi buhun ba. Dala ba ta zubewa da irin wannan saurin, amma ita ma tana zubewa, kuma wanda ke riƙe da kuɗin yana juya su yana samun riba duk tsawon lokacin.

Saboda haka hukumar gasar, MLB, ba ta ɗauki 68 a matsayin 68 ba. Tambayar da ta yi ita ce: nawa za a ajiye yau, yana ƙaruwa da kashi 4.43 cikin ɗari duk shekara, ya kai miliyan 68 bayan shekara goma? Amsar ita ce kusan miliyan 44.

[Allo: 44 + 2 = 46. A bar shi ya ɗan jima]

Ku ɗora miliyan 2 da yake karɓa a hannu, ya zama 46. Sau goma, kusan miliyan 460. Wannan ne nauyin yarjejeniyar a kuɗin yau. Kuma kada a ɗauka Dodgers suna amfani da shi kyauta har zuwa 2034. Dokar gasar ta tilasta wa ƙungiya ta ware kuɗin da ta jinkirta, gwargwadon darajarsu ta yanzu, ta ajiye su gefe. Miliyan 44 ɗin nan suna fita daga aljihun ƙungiyar, Ohtani ne dai bai taɓa su ba tukuna.

Me ƙungiyar ta ci? A besbol babu iyakar albashi, sai dai haraji da ake ɗora wa ƙungiyar da jimillar albashinta ta wuce wani layi. A 2024 layin miliyan 237 ne. Da an rubuta Ohtani a kan 70, da ya cinye musu wuri sosai. Da aka rubuta 46, sai suka sami sarari. A watan Disamban 2023 ɗin dai suka ɗauko wani ɗan Japan ɗin, Yoshinobu Yamamoto, a kan miliyan 325 na shekara 12.

[Bidiyo: bikin cin kofi a 2024 da 2025]

Sauran kuna ganinsa.

Ni dai ban ga yaudara a nan ba. Rahotanni sun ce shi da kansa ya kawo shawarar. Mutum ne da ya yi shekara shida a Los Angeles Angels bai taɓa shiga wasannin neman kofi ba, ya gaji da rashin nasara, ga shi kuma tallace-tallacen kamfanoni irin su New Balance sun ishe shi rayuwa. Inda nake ganin akwai magana shi ne harajin gwamnati. Jihar Kalifoniya, inda Los Angeles take, tana karɓar har kashi 13.3 cikin ɗari daga masu manyan kuɗi. Idan ya bar jihar kafin 2034, mai yiwuwa kason da ya fi yawa ya kuɓuce mata, alhali a can aka yi aikin. Mai sharar filin wasan ba shi da wannan hanyar, duk wata ake cire nasa, kuma wannan ya tsaya mini a rai.

[Hoto: Bobby Bonilla a rigar Mets]

Jinkirta albashi ba sabon abu ba ne. Ƙungiyar New York Mets suna biyan tsohon ɗan wasansu Bobby Bonilla kusan dala miliyan 1.19 duk ranar 1 ga Yuli, daga 2011 har 2035, a kan bashin miliyan 5.9 na shekarar 2000. Bambancin shi ne nasa an ɗora kuɗin ruwa kashi 8. Magoya baya har bikin ranar suke yi, suna taya dattijon murnar shigowar alat.

Akwai hanyar da kuɗin takarda ke raguwa da gaske, ita ce shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Karon farko dakatarwar wasa 80, na biyu 162, wato kaka guda cur, na uku kora har abada, kuma ba a biyan albashin wasannin da aka rasa. Ɗan wasa Robinson Canó ya yi asarar miliyan 24 a 2021 ta haka. Ba a taɓa kama Ohtani da wannan ba, na kawo shi ne don a bambance kuɗin da aka jinkirta da kuɗin da aka ƙwace.

[Allo: Ohtani 700, Soto 765]

A Disamban 2024 wani babban ɗan wasan, Juan Soto, ya koma Mets a kan miliyan 765 na shekara 15, ba a jinkirta ko dala ɗaya ba. A kanun labarai tazararsu miliyan 65 ce. A lissafin da muka yi ɗazu, tazarar ta kai kusan miliyan 300, ko da yake Soto zai yi shekara biyar fiye da shi yana wasa.