Amsoshin Tambayoyinku: Fulawar Ratayewa a Banɗaki Mai Duhu

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙon farko yau daga wata 'yar uwa ne a Kaduna, tace sun tare a sabon gida, banɗakin ɗakinta ɗan ƙaramin windo gare shi can sama kusa da silin, ga katangar maƙwabta ta tare shi, tana so ta rataya fulawa mai zubo da ganye ƙasa amma guda biyun da ta siya duk sun mutu ko wata ɗaya basu rufa ba. Wai wacce zata siya?

Toh Hajiya, kafin ki ƙara kashe ko sisi ki yi min abu ɗaya. Da tsakar rana ki shiga banɗakin nan, kar ki kunna wuta, ki buɗe littafi. In kina iya karantawa ba sai kin ƙanƙance ido ba to akwai fata. Mutane da yawa suna ɗauka tunda akwai tururin wanka shikenan shuka zata ji daɗi, alhali da haske take haɗa abincinta, ruwa da taki basa maye gurbinsa.

In hasken ya kai haka, ni dai wadda zan ce ki nema ita ce pothos, masu saida fulawa a bakin titi money plant suke ce mata. Ganyenta kamar zanen zuciya, mai sheƙi, reshen yana zubowa kamar igiya. Asalinta daga tsibirin Mo'orea ne a tekun Pasifik, a daji ma gindin manyan bishiyoyi take tashi cikin inuwa tana hawa jikinsu, shi yasa bata damu da rana sosai ba. Amma ki zaɓi mai kore shar ɗin nan, wadda ke da fari-fari ko ruwan ɗorawa da yawa a ganye ta fi buƙatar haske, a wuri irin naki sabbin ganyen zasu riƙa fitowa kore zalla kuma ta riƙa girma a hankali. Ba ma sai kin siya ba wlh, in maƙwabciyarki na da ita ki roƙi reshe ɗaya, a yanke ƙasan gaɓa inda zaki ga ɗan ƙullutu mai ruwan ƙasa, ki tsoma a kwalbar ruwa, sati biyu zuwa uku zaki ga farar saiwa ta leƙo. Ki dai riƙa sauya ruwan duk bayan kwana uku ko huɗu saboda sauro.

Gargaɗi ɗaya, kuma dan Allah a ji ni da kyau: ganyen pothos in yaro ko kyanwa ta tauna yana ƙona baki da harshe, har ya kumbura. Reshen kuma tsawo yake yi, yau yana sama gobe ya sauko inda mai rarrafe zai kamo. Ki riƙa datse shi. In hankalinki bai kwanta ba ki ɗauki spider plant, mai siraran ganye kamar ciyawa da ke sako 'ya'ya suna reto, ita 'yar nan Afirka ce kuma bata da wannan dafin, sai dai ta fi son kusa da windon.

Baki faɗa min irin waɗanda suka mutu ba, amma ina kyautata zaton ruwa ne ya kashe su. Na taɓa zaro wata daga tukunya a gidana, ganye duk ya yi rawaya ya langaɓe kamar mai jin ƙishi, ashe saiwar ce ta yi baƙi ta yi laushi tana wari, ƙasar jagab. A wuri mai duhu ƙasa bata bushewa da wuri. Ki cusa yatsa har gaɓa ta biyu, in da danshi ki ƙyale ta, ko da sati ne ko fiye. Tukunya lallai ta zama mai huda a ƙasa, a gauraya ƙasar da yashi, ki sauke ta ki ba ta ruwa ya tsiyaye sannan ki mayar. Kar ruwan sabulu ya riƙa fantsar mata. Da hunturu ki goge mata ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, ƙurar nan tana tare ɗan hasken da take samu. Fulawar nan kuwa mai zubo da ganye ƙwallo-ƙwallo kamar carbi da ake gani a hotuna, ki haƙura da ita, rana take so, ruɓewa zata yi. Sannan kar a kafa ƙugiya a silin ɗin POP, jiƙaƙƙiyar tukunya nauyi gare ta, a sa a bango ko a katako.

Sai wani malam daga Maraɗi, shi nasa banɗakin babu windo sam, kuma ya ji ance fulawa tana tace iska ta kashe wari. Malam, maganar ta samo asali ne daga gwajin da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ta yi a Amurka a 1989, amma cikin rufaffun akwatuna aka yi shi, a ɗaki na gaske tukunya ɗaya ko biyu ba zasu canza iskar ba. Wari kam sai wanki da hanyar fitar iska. In kana sonta don ado, ka samu tukunya biyu, ɗaya ta yi sati a ciki ɗaya tana baranda a inuwa, kana musanyawa. Kar ka fitar da ita tsakiyar ranar Maraɗi kai tsaye, ganyen zai ƙone cikin yini ɗaya.

Hajiya ta Kaduna, in kin yi gwajin littafin ki rubuto mana abinda kika gani. Bari mu ɗan je hutu mu dawo da sauran saƙonninku.